Kitson da Ruwa Ba Ya Shiga

Idan Sallah ta rage kwana uku, samun makitsiya a Gure ya fi samun tela wuya. Tun da hantsi ake shimfiɗa tabarmi a inuwar tsakar gida, mata su jeru, kowace da tsefaffen kanta da ɗan kwanon man shanu ko man kaɗanya. Makitsiya na bisa kujera 'yar tsugunno, kan mai kitso a tsakanin gwiwoyinta, kibiya a hannu tana fitar da tsaga. Ana hira da Hausa, a juya zuwa Manganci, jifa-jifa Tubanci ko Fulatanci ya ratso. Amma roƙon da aka fi ji, ko da wane harshe aka yi shi, ɗaya ne: "Yaya, ja shi da kyau, so nake ya kai ni wata biyu."

Akwai wata tambayar da ba a cika ɗaga murya a yi ta a kan wannan tabarma ba, alhali tana cikin zuciyar kusan duk matar auren da ke wurin. Idan wanka ya wajaba a kanta kafin asubar gobe, yaya za ta yi da kan da ta ɓata yini guda da 'yan jikkunanta tana gyarawa? Ta tsefe? Ta watsa ruwa a sama ta wuce? Sallarta ta inganta ko ba ta inganta ba? Kunya ta hana ta tambayar malamin unguwa, malamin kuma bai taɓa zama kusa da makitsiya ya ga yadda ake cusa zare a gindin gashi ba.

Gure tana gabas da Damagaram, tafiyar kilomita 160 da 'yan kai a kan babbar hanyar da ta nufi Diffa. Ita ce tsohuwar fadar ƙasar Muniyo, wadda ta daɗe ƙarƙashin inuwar Borno kafin Damagaram ta rinjaye ta a ƙarni na 19, kuma Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa ta a ƙarshen 1852 a hanyarsa daga Kukawa. Mangawa, Hausawa, Tubawa, Fulani, Buzaye da Larabawa duk suna cin kasuwa ɗaya, kuma a da kan mace shi ke faɗin daga inda ta fito kafin ta buɗe baki. 'Yan matan Barebari suna da nasu mai kai uku, matan Tubawa da siraran kitso masu yawa a jiƙe da mai, Fulani da dogayen jela masu ratayen azurfa, Hausawa da doka da zane. Ƙasar kuwa ta duwatsu ce da tuddan rairayi da kwaruruka masu dabino da kanwa. Ruwan sama na shekara yana kewayen milimita 300, ƙarƙashin ƙasar Damagaram da Muniyo kuma dutse ne mai rowar ruwa. Mace a nan ta san nauyin jarka.

A irin wannan wuri kitso ya wuce kwalliya. Gashin baƙar fata murɗaɗɗe ne, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya gangarowa zuwa bakinsa cikin sauƙi, shi ya sa yake saurin bushewa, kuma duk inda ya lanƙwasa wurin karyewa ne. In aka bar shi a sake cikin iskar hunturu da ƙurar Muniyo, ana bi da mataji kullum, abin da ya tsiro a wata guda, wanda da ƙyar yake kai santimita ɗaya, sai ya ƙare a haƙoran matajin. Kitso yana ɓoye bakin gashi, ya riƙe danshi, ya hutar da shi daga taja. Baƙaƙen matan Amurka da Ingila da suka bar man miƙar da gashi suka koma ga nasu na halitta, wannan tsohuwar dabara suke sake koyo, har sai da jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2019 don hana a wulaƙanta ma'aikaciya ko ɗaliba saboda kitsonta. Kakannin matan Gure ba su jira doka ba.

To addini da ya wajabta ruwa ya game jiki, me ya ce da abin da aka ƙulle don ya daɗe?

Wadda ta fara yin tambayar a fili ba ta yi ta cikin raɗa ba. Ummu Salama, matar Manzon Allah (SAW), ita ce ta gaya masa cewa ita mace ce mai ɗaure kitsonta tamau, ta tambaya ko sai ta tsefe shi duk lokacin wankan janaba. Amsar da Imam Muslim ya ruwaito ita ce ba sai ta tsefe ba, ya ishe ta ta kamfaci ruwa sau uku ta zuba a kanta, sannan ta kwarara a sauran jikinta. Bayan wafatin Annabi, labari ya iske Nana A'isha cewa Abdullahi ɗan Amr yana umartar mata su kwance kitso in za su yi wanka. Ta yi mamaki ƙwarai, har ta ce me ya hana ya umarce su da aske kan gaba ɗaya, ta kuma shaida cewa ita da Annabi sukan yi wanka daga mazubi ɗaya, ba ta wuce zubawa uku a kanta. A nan mace ce ta gyara wa babban sahabi fahimta a kan abin da ya shafi jikin mata, malamai kuma suka rubuta gyaran suka adana shi ƙarni goma sha huɗu. Hambalawa sun tsananta a wankan haila, suka ce a nan a tsefe, amma mafi yawan malamai, har da Malikawa, ba su bambanta wanka biyun ba.

Wani abin da ya kamata mutumin Gure ya ji daɗinsa shi ne yawan ruwan. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa Annabi yakan yi alwala da mudu ɗaya irin na Madina, ya yi wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar, wato kimanin lita 3. Shari'ar da ta sauka a ƙasar da ruwa ke da tsada ba ta nemi a kwarara jarka guda a ka ba. Kuma kitso kansa ba baƙo ba ne a gidan Annabi: Ummu Hani ta gan shi ya shiga Makka da kitso huɗu, Ummu Aɗiyya kuma ta ba da labarin cewa da suka wanke gawar 'yarsa, kitso uku suka yi mata suka sake shi ta baya.

A Gure, kamar sauran ƙasar Borno da ƙasar Hausa, mazhabar Imam Malik ake bi, kuma an daɗe ana bi, domin tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira saboda ɗalibansu. Almajirin zaure yana farawa da Ahalari da Ishmawi, ya hau Iziyya da Risala, in an yi nisa a kai Muhtasar. Malikiyya ta fi wasu tsauri a wurare biyu da suka shafi kai: a alwala sai an shafe shi duka, a wanka kuma sai an cuɗa an tsattsefe gashi. Duk da haka Risalar Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ta sauke wa mace nauyin warware kitso a wanka. Abin da ta nema shi ne ta tattaro shi ta matsa ta mulmula har ruwa ya ratsa. A alwala kuwa ta shafi kan har da jelar da ta sauko, ta cusa hannuwanta ƙarƙashin kitson in za ta dawo da shafa, kuma kada ta yi shafar a kan ɗankwali.

Masu sharhin Muhtasar ne suka shiga lungu-lungu, kuma a nan zancen ya taɓa tabarmar makitsiya kai tsaye. Shehu Ahmad Dardir na Misira, wanda ya rasu a 1786, da Dasuƙi da ya yi masa ta'aliƙi, sun raba kitso gida-gida. Wanda aka yi da gashin mutum kaɗai, ba zare ba komai, ba a tsefe shi don alwala ko da ya yi tsauri, amma a wanka in tsaurinsa ya kai ruwa ba zai ratsa ba, dole a kwance. Wanda aka haɗa da zare ɗaya ko biyu, ana barinsa sai fa in an ɗaure shi tamau. Wanda aka yi da zare mai yawa, uku zuwa sama, sun ce a kwance shi a alwala da wanka duka, domin zaren ya zama shamaki tsakanin ruwa da gashi.

Duk wanda ya ɗora wannan ma'auni a kan kitson yau zai ga inda gizo ke saƙar. Zane, shuku, kalaba da duk wanda aka yi da gashin mace kaɗai, hannu a sassauce, ba su da wata matsala. A jiƙa, a mulmula, a bi tsaga da yatsu, shi ke nan. Kitson zare, wanda ake naɗe kowane ƙulli na gashi da baƙin zare tun daga gindi har baki, tsoho ne a Afirka ta Yamma kuma yana miƙar da gashi ba tare da wuta ko magani ba, amma a hukuncin Dardir ya faɗa cikin wanda sai an kwance. Haka na ulu. Balle kuma gashin roba, wanda a Nijar ake kira meshi, a Najeriya atac, wanda yakan fi gashin mai shi yawa ninkin-ba-ninkin, ya lulluɓe shi gaba ɗaya.

Sai dai malaman da suka tsananta su ne kuma suka buɗe ƙofa. Shehu Ahmad Sawi, almajirin Dardir, wanda ya rasu a 1825, ya rubuta cewa zai amfani mata su bi Shafi'i ko Abu Hanifa a alwala, tunda su shafar wani sashe na kai ta wadatar a wurinsu, su kuma bi Abu Hanifa a wanka, domin a wurinsa muddin ruwa ya isa gindin gashi ba a ɗora wa mace jiƙa sauran kitson ba. Tun kafin shi da ƙarnuka, Abu Imran na Fas, wanda ya zauna Ƙairawan ya rasu a 1039, ya yi wa amarya rangwame a kwanaki bakwai na farko ta yi shafa a kan turaren da aka cika mata kai da shi, don wanke shi ɓarnar dukiya ne. Wasu malaman mazhabar ba su yarda da wannan ba, amma Haɗɗab, ɗaya daga masu sharhin Muhtasar, ya ga ya isa a naƙalto shi a sharhinsa. Wanda ya san abin da ake zubawa a kan amaryar Mangawa na humra da mai da turare, zai gane cewa wannan malami ya kalli rayuwar mata da idon tausayi. Haka wadda wanke kai ke jawo mata ciwo tabbatacce, fiƙihu ya ba ta shafa.

Ba don kowa ya zama muftin kansa aka jero waɗannan ba. Zaɓi tsakanin maganganun malamai aikin mai ilimi ne da ya san halin mai tambaya. Abin lura shi ne manyan malamai sun zauna sun yi tunani a kan kan mace dalla-dalla, har adadin zare sun ƙirga, amma abin da ke isowa tsakar gida ɗayan biyu ne, ko shiru ko tsoratarwa. Daga nan ake samun matar da waswasi ya kama, mai tsefe kai duk lokacin da wanka ya same ta, gashin ya yi ta karyewa, wata ma ta dinga kauce wa shimfiɗar mijinta don ta ceci kitson jiya. Ana kuma samun wadda ta yanke ƙauna daga gane hukuncin, ta watsa ruwa a saman meshi ta tayar da salla, ko ta bar asuba ta wuce ta don tsoron sanyin hunturu a kan da ba zai bushe ba sai azahar. Dukansu biyu ba rashin tsoron Allah ne ya kai su ba. An bar su ne da tambaya ba amsa.

Wannan koke ba yau aka fara shi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin Nijar ta yau a 1754, ya soki malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albab saboda suna karantar da almajirai safe da yamma, suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, ba su san hukuncin alwala da salla da azuminsu ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta amsa koken da aiki: ta horar da malamai mata da ake kira jaji, ta tura su ƙauyuka su koyar da 'yan'uwansu mata, tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Hikimar a fili take. Akwai tambayar da mace ba za ta yi wa namiji ba komai iliminsa, kuma tambayar kitso da janaba tana cikinsu.

Likitocin fata, waɗanda ba ruwansu da Muhtasar, sun iso kusan wuri ɗaya ta wata hanya daban. Akwai zubewar gashi da ja ke haddasawa, wadda ke cin gaban goshi da gefen kunnuwa. An fara bayyana ta a rubuce a 1907 a tsakanin matan Girinlan masu ɗaure gashi tamau, amma a Afirka ta fi yawa. Dakta Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta sun duba mutane a unguwar Langa ta birnin Kef Tawun a Afirka ta Kudu, suka wallafa a 2007 cewa kashi 31.7 cikin ɗari na manyan mata suna da ita, 'yan makaranta mata kuma kashi 17.1. Haɗarin ya fi tsanani ga wadda ta sa man miƙar da gashi sannan ta ɗora masa kitso mai nauyi. Da farko gashin yana dawowa in an sassauta. In aka yi shekaru ana ja, tushen ya mutu, wurin ya yi sulɓi, babu man da zai farfaɗo da shi. Alamomin kuwa kowace mace ta san su: ciwon kai a daren kitso, girar da ta ɗage sama, ƙananan ƙuraje a bakin tsaga, kasa kwanciya a kan matashi. Shawarar likitoci ita ce kitso kada ya yi zafi, kada ya wuce mako 6 zuwa 8, a wanke fatar kai yana nan a kai, a kuma ba gashi hutu kafin a sake.

A taƙaice, kitson da ya yi tsaurin da ruwa ba zai ratsa shi ba, ya riga ya yi tsaurin da zai tumɓuke gashi. Kan da aka yi wata biyu ana kare shi daga ruwa don kada kitso ya tashi, shi ne gidan amosani da ƙaiƙayi da wari, musamman a ƙarƙashin ɗankwali da hijabi a zafin bazarar Gure. Dokar tsarki da ke tilasta wa mace ta kai ruwa gindin gashinta tana yi wa fatar kanta aikin da likita zai nemi kuɗi kafin ya faɗa mata.

Yara sun fi ban tausayi. Yarinya 'yar shekara huɗu babu wankan da ya wajaba a kanta, saboda haka ba wanda ke tambayar hukunci, sai a danne ta tana kuka a ja ɗan gashinta mai laushi, a rataya masa duwatsu masu nauyi, a ce ai ado sai da wahala. Hadisin hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa, kuma bai keɓe 'yar ƙaramar yarinya a jajiberin Sallah ba. Yawancin goshin da ake gani ya ja baya a wurin 'yan mata masu shekara ashirin, tun a wannan kukan aka fara cin sa.

Abin da ake shafawa ma yana da nasa hukunci. Fiƙihu ya bambanta maiƙon da ya nutse cikin gashi, wanda ba ya hana ruwa, da abin da ya daskare ya yi ɓawo. Man shanu, man kaɗanya da man riɗi in an shafa daidai wa daida ba su da laifi, karkashi da ganyen magarya kuwa wanki suke yi, suna warware gashi ba tare da sun busar da shi ba. Garin shebe na matan Cadi, da ya bazu a kasuwanni a 'yan shekarun nan, ana dama shi da mai a lafta a jikin gashi a kitse, ya yi kwanaki. In ya yi kauri ya daskare, mai bin Malikiyya sai ta lura da shi. Wanda ba shi da kokwanto shi ne gam ɗin da ake manna hular gashi da shi a goshi. Yana toshe fata, yakan sauko har cikin iyakar fuskar da ake wankewa a alwala, kuma in an zo ɓamɓarewa yana tafiya da 'yan gashin da suka rage.

Daga nan zance ya kai ga ƙarin gashi, inda muryoyi suka fi ɗagawa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mata ta zo wa Annabi da uzuri mai taɓa zuciya: 'yarta amarya ce, ƙyanda ta zubar mata da gashi, ko za ta ƙara mata? Bai ba ta izini ba, ya kuma ambaci tsinuwa a kan mai ƙarawa da mai neman a ƙara mata. Mu'awiya, yana halifa, ya hau mumbarin Madina da curin gashi a hannunsa yana tambayar ina malaman garin suke. A kan gashin ɗan Adam babu saɓani tsakanin mazhabobi huɗu. A kan abin da ba shi ba ne aka rabu. Imam Malik ya hana ƙari da komai, ko ulu ne ko tsumma. Laisu ɗan Sa'ad na Misira ya ce hanin na gashi ne kawai, Hanafawa ma sun halatta ulu da makamancinsa, an kuma ruwaito daga Sa'id ɗan Jubair cewa bai ga laifin zaren da mata ke kitsawa ba. Alƙali Iyal, babban Bamalike da ya rasu a 1149, ya fitar da zaren alharini mai launi, wanda kowa ya gani ya san ba gashi ba ne, daga cikin hanin. Ashe abin da ya fi damun da yawansu shi ne yaudara, a nuna wa ido abin da babu. Gashin roba na yau kuwa, tun daga zaren Kanekalon da kamfanin Kaneka na Japan ke yi, an ƙera shi ne musamman don ya yi kama da gashi. A ma'aunin Malik da na Iyal da wuya ya tsira.

Ko ta fuskar lafiya bai fita fes ba. A farkon 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada nau'i 10 na gashin roba na kitso, ta sami sinadarai masu alaƙa da sankara a dukkansu, da dalma a 9. A 2022 wani babban bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, mai ɗauke da mata fiye da 33,000, ya nuna masu yawan amfani da man miƙar da gashi sun ninka sauran haɗarin sankarar mahaifa fiye da sau biyu.

Amma wa'azin da ya tsaya a kan tsinuwa kaɗai ya bar rabin aiki. Mata da yawa ba alfahari ya kai su ga meshi ba. Kitso mai tsauri ya ci musu goshi tun suna yara, haihuwa da ƙarancin jini suka ƙara, miji ko kishiya ko ƙawaye suka yi magana, sai suka nemi abin rufewa, abin rufewar kuma da nauyinsa ya ƙarasa abin da ya rage. Mai son ya raba mace da ƙari sai ya fara daga inda ciwon ya faro, ya nuna mata yadda za ta tsirar da nata, ya kuma hana maza ba'ar da ke tura ta can. Annabin da ya hana ƙari shi ne ya yi umarni, a ruwayar Abu Dawud, cewa mai gashi ya girmama shi. Gashin da Allah ya halitta wa Bamangiya ko Bahaushiya, gajere ne ko dogo, yana cikin wannan girmamawa, kuma babu inda aka shar'anta sai ya kai gadon baya.

Mutumin da ya fi kowa iko a wannan al'amari ba a taɓa gayyatarsa majalisin ilimi ba, wato makitsiya. Hannunta ne ke yanke ko ruwa zai shiga ko ba zai shiga ba. Ita ce za ta iya cewa, "Ƙanwata, wannan gefen ya fara ja baya, bari mu bar shi ya huta," a saurare ta fiye da yadda za a saurari likita. Da malamai mata na makarantun Islamiyya a Gure, Gidimuni, Gidigir, Kelle da Bune za su tara makitsan unguwanninsu, su karanta musu babin wanka a Risala da bayanin Dardir da rangwamen Sawi, ma'aikaciyar asibiti kuma ta nuna musu yadda mataccen tushen gashi yake, da yini ɗaya ya gyara abin da wa'azin shekara bai gyara ba. Gidajen rediyon yankin ma suna da filin mata, kuma mace takan iya tambaya ta waya abin da ba za ta iya ido da ido ba.

Maza kuma su san cewa littafin da suke kafa hujja da shi ya ambace su. A babin ciyarwa, Muhtasar na Shehu Halil ya lissafa abin da ke wuyan miji, ya sa ruwa da itace a ciki, tare da kayan gyaran da rashinsu ke cutar da mace, irin su kwalli da man shafawa na al'ada da lalle. Masu sharhi sun bayyana cewa ruwan ya haɗa da na alwalarta da na wankanta. Saboda haka magidancin Gure da ke son matarsa ta tashi sallar asuba da tsarki a tsakiyar hunturu, ya tabbatar akwai ruwa a jarka da itacen ɗumama shi tun da dare, domin a mazhabar Malik wannan haƙƙinta ne a kansa.